Anshin kilarinet na lalacewa da wuri a Damagaram, yaya ake adana shi?

Tambayar daga wani ƙanenmu ta zo, mai busa kilarinet, wata irin sarewar Turawa, cikin fanfar, wato ƙungiyar masu busa da ganguna, a nan Damagaram. Yace an kawo mishi kwalin anshi guda goma daga Yamai (anshi shine ɗan siririn fallen da ake ɗaurewa a kan kilarinet, shi ke kaɗawa ya bada sauti), ko wata biyu ba'a rufa ba rabi sun tashi aiki, bakinsu ya yamutse, kanar, wato ƙarar nan mai tsini da ke kuɓucewa ana cikin busa, ta yi yawa, waɗanda ya ajje tun damina kuma ya tarar sun yi ɗige-ɗigen baƙi. Wani ya bashi shawara ya riƙa sakasu cikin firigo, wani yace a'a ya barsu kullum jiƙe cikin ruwa, shine yake tambaya wanne zai bi.

To ƙanena sannu da ƙoƙari, kuma dan Allah kar ka bi ko ɗaya cikin biyun nan, zan faɗa maka dalili a gaba. Abinda nake so ka fara riƙewa shine, a garin nan ba bushewa ke kashe anshi ba kuma ba jiƙa ba, saurin tashi daga wannan zuwa wancan ke kashe shi. Ka ciro shi daga baki sharkaf ka ajje cikin iskar hunturu, kafin ka gama naɗe kayanka ya bushe ƙayau, gobe ka sake jiƙa shi ya sake bushewa a guje, to ko wane irin anshi ne, ko na masu tsadar ne, bazai jure wannan ba. Duk dabarar adana shi a wurinmu ita ce ka sa ya bushe sannu a hankali, kuma ya bushe a shimfiɗe.

Ka san anshi ba katako bane, kara ne, wani dogon kara da masana tsirrai ke kira Arundo donax. Wanda yafi suna a kudancin Faransa ake noma shi, yankin Var bakin tekun Bahar Rum, can kamfanin Vandoren ke da gonakinshi da masana'anta, kuma tun 1905 suke sana'ar yin anshi. Ana noma shi a Ajantina da Sifen ma. Sai ya yi kamar shekara biyu a gona ake sare shi lokacin sanyi, sannan a shanya shi wajen shekara biyu kuma kafin inji ya fere shi. Cikin karan nan akwai ƴan ƙananan jijiyoyi masu rami da suka miƙe daga gindi har baki, su ne hanyar da ruwa ke bi lokacin da yake tsaye a gona. In kana so ka gani da idonka, jiƙa anshi sosai ka sa gindinshi a baki ka hura da ƙarfi, zaka ga ƴan kumfa na fitowa a wurin da aka fere. Kenan duk abinda ke bakinka yana shiga cikin jikinshi, ba'a fata kawai yake tsayawa ba.

Da ya sha ruwa sai ya kumbura, da ya bushe sai ya motse, kamar dai ƙofar katako da ke ƙin rufuwa cikin Agusta amma cikin Janairu har kana hango waje ta gefenta. Matsalar itace kaurin anshi ba ɗaya bane. Bakin nan nashi wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, gindin kuma kusan milimita uku, to bakin ya riga ya bushe tun tsakiya na jiƙe, gefe da gefe sun bushe ciki bai bushe ba, kowane ɓangare na ja nashi wuri. Yanzu ka haɗa da yanayin garinmu. Daga Nuwamba har zuwa Maris laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali masu busa galibi tsakanin 50 da 70 suke nema ma anshi. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, sai damina ta faɗi laima ta tashi lokaci guda. Shi yasa shawarar da zaka gani a intanet daga mutumin Faransa ko Jamus ba duka ke aiki a nan ba, shi ajiya iri ɗaya ke mishi shekara, kai kuwa dole ka canja da canjin lokaci.

Mu fara da yamutsewar baki tunda ita tafi tsorata mutane. Wallahi da yawa suna zubar da anshi mai kyau saboda wannan, kuma abin na ɓata min rai don ba mutuwa bace. Saka shi cikin ruwa a ɗan kofi minti biyu zuwa uku, ka ciro ka ɗora bakin a kan wurin nan shimfiɗaɗɗe na bek, wato kan kilarinet da ake sakawa a baki, a gicciye, ka danne da babban yatsa kamar rabin minti kana ɗan motsa shi a hankali, zaka ga ya miƙe. In bai miƙe ba ka ƙara mishi minti ɗaya cikin ruwa, shikenan. Abinda bana so shine ka ɗaura shi a yamutse ka hau busa da ƙarfi kana cizo wai ya gyaru, ta nan yake tsagewa.

Wadda tafi wannan muni ba'a cika ganinta da ido ba, itace kumburin baya. Bayan anshi dole ya zama shimfiɗe sumul don ya manne da bek iska ta rasa wurin zurarewa. In ya sha jiƙa da bushewar gaggawa sai tsakiyar bayan ta ɗan taso, gefen ya ɗaga kaɗan, iska ta riƙa sulalewa. Alamarta, jiya anshin na tafiya lafiya yau ya yi tauri, ƙananan not basa fita da sauƙi, in ka taɓa da harshe sai kanar, kana ta zargin kanka ko kilarinet alhali ba laifinku. Gwajin nada sauƙi. Cire bek tare da ɗan guntun nan bariye da ke haɗa shi da jikin kilarinet, anshi na ɗaure kamar zaka busa, toshe ƙasan da tafin hannu, ka zuƙe iskar ciki ka zare bakinka. In komai lafiya anshin zai manne da bek na ɗan lokaci, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ji ya saki da ƙara ɓas. In bai manne ba sam to akwai yoyo. Ko kuma ka ɗora shi kan gilashi ka danna gefe da gefe da yatsu biyu, in yana rawa ya kumbura.

Gyaranshi, samu gilashi da sanfefa mai laushi ƙwarai, lamba 600 ko sama, irin ta masu fentin mota. Ja layi uku ko huɗu da fensir a gicciye a bayan anshin, shimfiɗa sanfefar kan gilashi, ɗora anshin kana riƙe da yatsu uku a kan ɓawon, wato wajen gindi inda ba'a fere ba, ka goga gaba da baya sau kaɗan ba tare da dannawa ba, kuma bakin ya leƙo waje kar ya taɓa sanfefar ko kaɗan. Juya ka duba, inda fensir ya fara gogewa nan ne tudun. Da layukan sun goge baki ɗaya ka tsaya. Duk gugar da kayi tana rage mishi ƙarfi, in ka zarce, anshi mai lambar ƙarfi 3 sai ya koma 2 a hannunka kuma ba hanyar maido da abinda ka kankare. Daga nan ka goga bayan a kan farar takarda har ya yi sheƙi, wannan na toshe ramukan kaɗan ya rage saurin shan ruwa.

Amma gara kar ya kai can, kuma abinda ke hana shi kaiwa minti ɗaya ne bayan ka gama busa. Cire anshin daga bek. Na san an gaji bayan repetisiyo, wato gwajin busa, kowa na saurin tafiya, sai a kifa hular bek a jefa cikin akwati da anshin ɗaure, to wannan shine babban abinda ke cinye ma yaran fanfar kuɗi. Wurin da ke kan tagar bek, wato ramin da anshi ke rufewa, na bushewa daban, wurin da ligatir, ƙarfen da ke ɗaure anshi da bek, ta matse na bushewa daban, gobe sai ka ga shatin tagar ya fito a bayanshi, ga wari, ga datti da ke taruwa cikin bek ɗin. Cire shi, ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka share da yatsu ko tsumma mai laushi daga gindi zuwa baki, kullum zuwa baki, kar ka dawo baya ka karya shi. Ruwan kuma wanda zaka iya sha, in na garuwa ne mai laka-laka gara ka fasa piya wata guda.

Sai maganar baki. Mu nan shayi ne abokin hira, kuma kowa ya san sukarin da ake zuba ma na biyu da na uku. Ka sha shayi ko lemu ko fura ka ɗauki kilarinet, sukarin nan ya shige jijiyoyin karan ya daskare, anshi ya dushe, kuma shine abincin fumfuna. Goro ya fi, nan take zaka ga bakin ya yi ja kuma garin goron na maƙalewa tsakanin anshi da bek. Kilishi da tsire kuma mai. Ba nace ka bar ko ɗaya ba, kurkure baki kawai da ruwa kafin ka busa, in da hali kayi asuwaki. Kuma ni nafi son a jiƙa anshi cikin ruwa ba cikin baki ba, musamman da hunturu, don miyau baya ratsa shi har gindi kuma yana cin karan a hankali. Ƴar ƙaramar kwalbar magani da aka wanke tas ta isa, ka riƙa yawo da ita cikin akwati. Lokacin azumi ma da baki ke bushewa ita zata fisshe ka.

Yanzu ina za'a ajje. Ɗan gidan roba da Vandoren ke sako kowane anshi ciki ba laifi, yana riƙe shi a miƙe kuma yana kare baki, kar ka zubar. In ka samu akwatin anshi na gaske mai gilashi ko mai ƴan layi-layi a ƙasa to madalla, amma ba dole. Je wurin masu yanka gilashi su yanka maka guntu kamar tafin hannu, mai ɗan kauri, ka roƙesu su goge gefen kar ya yanke ka, ka jera anshi huɗu bayansu kan gilashin, ka ɗaure da robar nan ta ɗaure kuɗi guda biyu, ɗaya kan ɓawo ɗaya wajen tsakiya, kar roba ta hau kan siririn bakin, kuma bakin kar ya leƙo ya wuce gefen gilashin. Abin kenan, mun ga ya yi aiki shekara da shekaru.

Da hunturu gilashin kaɗai bai isa ba, sai ka rufe shi daga iska. Bayan ka share anshin ka barshi minti biyar haka ruwan saman ya ɗauke, sai ka saka gilashin duka cikin leda mai zif ko robar abinci mai murfin da ke kamawa gam. Ƴar laimar da ta rage jikin karan ita zata cika wurin, maimakon ya bushe cikin minti goma sai ya ɗauki awoyi, kuma ƙurar nan da ke shiga ko ina bata samunshi. Kar ka raina ƙura, tsakuwa ce ƙanana, in ta shiga tsakanin anshi da bek tana hana shi mannewa kuma tana cin gefen bek a hankali. Ga wanda ke busa kullum wannan ledar kaɗai takan wadatar.

In kana kwana biyu uku baka taɓa ba to kana buƙatar abinda zai riƙe laimar. Akwai ƴan sashe na kamfanin Boveda, D'Addario ma na saida su tare da akwatinsu, an rubuta 72 a jiki, aikinsu in wuri ya bushe su saki laima in ya jiƙe su tsotse. Suna da kyau ƙwarai, sai dai a iskarmu in robar bata rufuwa da kyau cikin ɗan lokaci zaka ji sashen ya yi tauri, ya ƙare kenan. In babu, gishiri na yin kusan wannan aikin. Sananne ne wurin masu awo cewa gishirin miya da aka jiƙa, cikin rufaffen wuri, yana tsaida laima wajen kashi 75 cikin ɗari, har da shi ake gwada na'urar awon laima ko tana daidai. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa kaɗan ya yi damshi amma kar ya narke ya zama ruwa, ka ajje a kusurwar robar inda bazai taɓa anshi ba kuma bazai kife ba. Wannan robar a gida zata zauna, kar ka kuskura ka sakata cikin akwatin kilarinet, gishiri na cin ƙarfe, makullai da sifirin da ligatir duk zasu yi tsatsa.

Sai dai ka kula, 75 ya ɗan yi sama, kuma da sanyin Disamba da Janairu ne yake lafiya. Da zafi ya fara shigowa, rufaffen wuri mai laima da ɗumi gidan fumfuna ne. Saboda haka ka riƙa buɗe robar kullum ko baka busa ba, ka shinshina, in ka ji ɗan warin ruma ka fidda gishirin ka wanke robar ka shanya. Da bazara ni ledar kawai nake bari ba gishiri, ina ɗan rage bakinta a buɗe.

Damina kuma ka juya abin gaba ɗaya. Daga ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Satumba, fidda gishiri, fidda Boveda, fidda leda, bar anshi kan gilashinshi inda iska ke ratsawa, ka lulluɓe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda da kyankyaso. Nan ne naka suka yi baƙi, ina kyautata zaton ka rufesu a jiƙe ka manta. Kuma a nan bana sassauci, anshin da ya yi ɗigon baƙi ko kore ko farin gashi-gashi ka yar dashi. Na faɗa maka jikinshi ramuka ne, abinda ka gani a sama reshe ne kawai, kankarewa bata fidda na ciki. Ba maganar sauti bace kaɗai, likitoci sun tabbatar akwai ciwon huhu da ke kama masu busa saboda shaƙar fumfunar da ke cikin kayan busarsu, a 2016 ma likitoci a Ingila sun bada rahoton wani mai busa algaitar nan ta Sikotlan mai jaka da ya rasu ta dalilin haka. Kuɗin anshi guda bai kai lafiyarka ba. Kar dai ka ruɗe da zanen ruwan ƙasa da ke kan ɓawon tun yana sabo, wannan halittar karan ce, ba komai.

Don rigakafi, sau ɗaya a sati ko sati biyu ka tsoma waɗanda kake aiki dasu cikin o oksijene ta farmasi, mai 10 volim, wato kashi 3 cikin ɗari, minti biyar zuwa goma, zaka ga tana kumfa, ka ɗauraye sosai da ruwa. Kar ka yawaita don tana sa shi ya yi fari ya rage rai. Jabel kuwa ko kusa, abin baki ne. Bek ma a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, ban da ruwan zafi, in na ebonit ne, wato baƙar robar nan mai tauri, zafi da rana na sa shi ya koɗe ya koma kore-kore har ya iya lanƙwashewa. Kuma kar kayi aron anshi kar ka bada aro, ko ɗan uwanka ne, mura da ƙurajen baki ta nan suke yawo cikin fanfar.

Mu dawo kan shawarwarin da aka baka. Firigo, gaskiya akwai masu yi a wasu ƙasashe cikin leda rufaffiya don sanyi na hana fumfuna. Amma iskar firigo busasshiya ce, da ka fiddo shi cikin zafinmu raɓa ta kwanta mishi nan take, ga ɗaukewar kuran da zata sa ya yi sanyi ya yi ɗumi sau nawa a yini, wato dai hawa da saukar nan da muke gudu. Ga warin miya da kifi da zai kwasa. Barin shi cikin ruwa kullum ma akwai masu irin wannan tsari, amma su cikin ruwan da aka haɗa da maganin kurkure baki suke yi, a rufe, suna canjawa a kai a kai. Ruwa zalla a zafin Damagaram kwana guda ya isa ya fara yauƙi, karan ya cika da ruwa ya yi nauyi, sautin ya mutu. In ka ɗaga anshi ga haske ka ga bakin ya koma garai-garai kana ganin haske ta ciki sosai, to ya sha ya wuce kima, ajje shi ya huta.

Wani abin da nake zargi cikin labarinka, kana buɗe guda ka busa shi har ya mutu sannan ka buɗe wani. Sabon anshi baya son a afka mishi. Ranar farko jiƙa shi minti biyu, busa minti biyar a ƙananan not da na tsakiya ba da ƙarfi ba, ka share ka ajje. Gobe minti goma, jibi sha biyar, cikin kwana huɗu ko biyar ya saba da shan ruwa da bushewa, daga nan ya iya ɗaukar repetisiyo cikakka. Buɗe huɗu lokaci guda, rubuta musu lamba da fensir a baya wajen gindi, yau na ɗaya gobe na biyu, kowanne na samun kwanan hutawa. Huɗun nan in ana juyasu sun fi daɗewa nesa ba kusa ba akan huɗun da aka bi ɗaya bayan ɗaya, kuma leɓenka bazai saba da anshi guda da ke ta laushi kullum baka sani ba, har in ka ɗaura sabo ka ji kamar bazai busu ba. In wani biki na tafe, kamar defilen 18 ga Disamba da ke faɗowa tsakiyar hunturu, ka ware biyu mafi kyau tun sati biyu kafin ranar, kana ɗan taɓasu minti kaɗan kullum. Ranar kuma in kuna tsaye kuna jiran manya, hular bek na kai duk sanda baka busa, kana ɗan jiƙa shi lokaci lokaci, don iskar filin nan minti biyar ta isa ta busar dashi a kan bek.

Cikin kwalin goma ba duka ke zama daidai ba, haka abin yake ko ina don tsiro ne, biyu ko uku su yi daɗi ƙwarai, wasu dama-dama, wasu su ƙi. Wanda ya ƙi kar ka yar, rubuta mishi alama ka maida gidanshi, sau da yawa wanda ya ƙi da hunturu sai ka ga ya saki da damina.

Wurin ajiya cikin gida, nemi inda zafi baya hawa da sauka. Ɗakin ƙasa irin na cikin Birni yafi ɗakin kwano nesa, in kwano ne ka ajje ƙasa-ƙasa cikin kaba ba saman almuru kusa da rufi ba, ban da bakin taga, ban da gaban bantilate ko kilim. Kusa da randa na da ɗan sanyi da laima, da rani wuri ne mai kyau in dai ruwa bazai zubo mishi ba kuma ba'a ƙasa tsirara ba saboda gara. Ƙarƙashin kujerar moto da gaban mota a rana kuwa kashe anshi ne kai tsaye, kilarinet ɗin ma in na itace ne haka yake tsagewa.

Waɗanda baka buɗe ba ka barsu cikin ledarsu ta kamfani, an rufesu ne da laimar da ta dace, kuma anshin da bai taɓa shiga baki ba yana shekaru bai lalace ba. Don haka in ka samu mai zuwa daga Yamai ko Kano kuma da kuɗi a hannu, sayen kwali biyu ba asara bane. Ka dai kula akwai jabu da yawa, in ka ga araha ta yi yawa, ko ferewar ta karkace, ko zuciyar anshin, wato wurin nan mai kauri da ke yin duhu, bata tsakiya in ka ɗaga ga haske, ka yi hattara. Lambar ƙarfi kuma ba ɗaya bace tsakanin kamfani da kamfani, 2,5 na Rico mai kwalin ruwan lemu yafi 2,5 na Vandoren mai shuɗin kwali laushi, kusan da rabin lamba, sai ka faɗa ma ɗan aiken sunan da lambar duka.

Ga mai aikin waje cikin rana da ƙura, ina baka shawara ka nemi na roba ko guda ɗaya ne ka ajje. Légère na Kanada baya buƙatar jiƙawa, ba ruwanshi da hunturu ko damina, wankewa kawai, yana watanni. Kuɗinshi kusan na kwalin goma ne, kuma shima baya son zafin cikin mota, bakinshi kuma in ya bugu ya tafi. Akwai Plasticover, baƙin nan, shi kara ne aka shafe da roba, masu fanfar na sonshi don yana jure waje. Ni dai har yanzu kunnena yafi kwanciya da sautin kara zalla in a cikin ɗaki ne, amma ranar defile bana musu da wanda ya ɗaura roba.

Ko ka kula dashi yaya, anshi na ƙarewa. Mai busa kullum in yana juya huɗu zai iya cin wata guda ko fiye dasu. In ka ji manyan not na faɗuwa ƙasa, sautin ya yi siriri yana zizza, in ka ƙara iska sai ya toshe, to ya gaji. Mai ɗan abin yanke baki zai iya rage mishi siririn gashi ya ƙara kwana kaɗan, amma kar kayi da reza ko almakashi. Wanda ya tsage ko bakin ya ɓalle kuwa ba gyara.

Biyar ɗin nan da kace sun tashi aiki, masu baƙin ka yar, sauran ka jiƙasu ka miƙar da bakin kayi musu gwajin zuƙa ɗaya bayan ɗaya, ina sa ran biyu ko uku zasu dawo. In kuma ka ga ko wanne ka ɗaura baya mannewa har da sabo fil daga leda, to ba anshi bane, duba bek ɗin a haske ko gefenshi ya ɓantare ko shimfiɗar ta lanƙwashe, ka ara na wani ka wanke ka gwada anshinka a kai kafin ka sake kashe kuɗi.